Zama a birnin Faris kamar ɗan gari

“Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina mun samu bizar Faransa, za mu yi kwana tara a Faris a watan Mayu. Shekarun baya na taɓa zuwa Turai cikin ayarin yawon buɗe ido, aka yi ta jan mu daga wannan gini zuwa wancan, na dawo Kano da hotuna da gajiya, ban san komai game da rayuwar mutanen ba. Wannan karon ina so mu ga garin yadda masu shi suke ganinsa. Ba na jin Faransanci. Ina za mu sauka, me za mu ci da ya halatta, kuma yaya za mu kauce wa tarkon da ake ɗana wa baƙi?”

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka, kana so kwana taran nan su zama zama, kada su zama tsere. To abin da ya raba ɗan gari da ɗan yawon buɗe ido a Faris shi ne maimaici da sanin lokaci. Baƙo yakan je wuri talatin, kowanne sau ɗaya. Ɗan gari kuwa wurare biyar ko shida yake da su, kullum yana cikinsu: gidan burodinsa, kasuwarsa, tashar jirginsa, shagon kofinsa, da lambun da yake hutawa. Ya san ranar da kowanne yake rufewa. Saboda haka ku zaɓi unguwa ɗaya, ku bi agogonta, manyan wuraren tarihi su zama ziyara da kuke fita ku dawo gida.

Ka fara riƙe fasalin garin a ka. Ainihin Faris ƙarami ne, murabba'in kilomita 105 kacal, mutanensa miliyan 2 da ɗoriya, kuma wani babban titi mai suna Périphérique ya kewaye shi kamar ganuwa. A bayan titin ne sauran jama'ar yankin suke, waɗanda in an haɗa duka sun kai miliyan 12. An raba cikin garin gunduma 20 da ake kira arrondissement, lambobinsu suna farawa daga tsakiya suna juyawa waje kamar ƙoƙon dodon-koɗi. Lambobi biyu na ƙarshen adireshin gidan waya su ne gundumar: 75011 gunduma ta 11 ke nan. Kogin Seine ya raba garin biyu, arewa ana ce mata Rive Droite, kudu Rive Gauche. Mutumin Faris in ka tambaye shi gidansu, lambar gunduma zai faɗa maka da sunan tashar metiro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, mafi kusa.

Masauki

Gundumomi na 1, 7 da 8, inda gidan tarihi na Louvre da hasumiyar Eiffel da titin Champs-Élysées suke, nan ne ɗaki ya fi tsada, abinci ya fi tsada, kuma maƙwabtanku duk baƙi ne irinku. Ku nemi gunduma ta 11, ko ta 10 kusa da Canal Saint-Martin, ko ta 12 kusa da kasuwar Aligre, ko ta 19 da ta 20 wajen Belleville da Jourdain. Ga ma'aurata Musulmi na fi son 11 da 20, domin mahautan halal da gidajen abincin mutanen Arewacin Afirka suna kusa, ga kasuwa, ga metiro ta ko'ina.

Kafin ka biya, duba abubuwan da hoto ba ya nunawa. Faɗin ɗaki da murabba'in mita ake rubuta shi, kuma ɗakin otal mai mita 11 ko 12 ba abin mamaki ba ne a can, akwati biyu sun cika shi. Tsofaffin gidaje da yawa ba su da lif. Kalmar da za ka nema ita ce ascenseur. Ƙasa ana ce mata rez-de-chaussée, ba a ƙirga ta, don haka “hawa na 5” matakala biyar ne cur. In gidan haya ne na 'yan kwanaki, ka tabbata tallar tana ɗauke da lambar rajista ta hukumar birni, kuma ka karɓi lambar sirrin ƙofar waje kafin ka tashi daga Kano, domin ba maigadi, ba wanda za ka ƙwanƙwasa wa. Ɗan kicin, ko da murhu ɗaya ne, zai rage muku kusan rabin kuɗin abinci, kuma shi ne zai sa zuwa kasuwa ya yi ma'ana. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Nijar, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga sai da adafta. Bangon gidajen siriri ne, bayan ƙarfe 10 na dare a rage murya, har da ta waya.

Zirga-zirga

Daga filin jirgin Charles de Gaulle, jirgin ƙasa na RER B, mai haɗa gari da kewayensa, zai kawo ku tashar Gare du Nord ko Châtelet cikin minti 35 ko kusa da haka. In kuna da kaya masu nauyi ku hau tasi, amma daga layin tasi na hukuma kawai, ku bi alamar har waje. Kuɗinsa ƙayyadadde ne: a 2024 Yuro 56 zuwa Rive Droite, 65 zuwa Rive Gauche. Duk wanda ya tare ku a cikin zaure yana cewa “taxi, taxi” ba direban tasi ba ne, kuma shi ne tarkon farko.

Metiro yana da layi 16, yana fara aiki wajen ƙarfe 5:30 na asuba ya tsaya bayan ƙarfe 1 na dare, daren Juma'a da Asabar a ƙara awa ɗaya. Tun Janairun 2025 aka sauƙaƙa farashi: a shekarar tikitin metiro ko RER Yuro 2.50 ne duk nisan tafiya a yankin, bas Yuro 2, zuwa filin jirgi Yuro 13. Sukan ɗan ƙara a kowace Janairu. Tikitin metiro ba ya aiki a bas, na bas ba ya aiki a metiro. Ana loda su a kan katin Navigo Easy na Yuro 2, kowane mutum da nasa, ba a haɗa kati ɗaya mutum biyu.

Abin da ma'aikatan garin ke riƙewa shi ne Navigo na mako ko na wata, kuma baƙo ma yana iya saye. Katin Navigo Découverte Yuro 5 ne, ka liƙa ɗan ƙaramin hotonka ka rubuta sunanka, ka loda na mako, wanda a 2025 yake Yuro 31.60, ka hau metiro da bas da RER iya son ranka, har garin Versailles da filin jirgi. Inda mutane ke faɗawa shi ne makon daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, ko yaushe ka saya, kuma bayan Alhamis ba a sayar da na makon da ake ciki. In kun sauka Litinin ko Talata ya biya kuɗinsa, tunda tafiyar filin jirgi da wasu tafiye-tafiye goma sun cinye shi. In Juma'a kuka sauka, ku yi amfani da tikiti ɗaiɗai har Litinin. Ku taho da hotunan daga gida. Katin da ba hoto ba suna, masu bincike tara suke cin mai shi nan take, kuma “ni baƙo ne” ba ta ceto.

A cikin tasha ba a rubuta gabas ko yamma, sunan tashar ƙarshe ake bi. A layi na 4 ko dai ka nufi Porte de Clignancourt ko Bagneux. Sortie mafita ce, correspondance hanyar canza layi. A wasu tsofaffin jirage ƙofa ba ta buɗe kanta, sai ka ɗaga mariƙi ko ka danna maɓalli. A matakala mai tafiya ka tsaya dama, hagu ta masu sauri ce. Kujerun nan masu naɗewa na bakin ƙofa, da zarar jirgi ya cika ake tashi daga kansu, wanda ya ci gaba da zama zai sha harara. Ku guji ƙarfe 8 zuwa 9:30 na safe da 5:30 zuwa 7:30 na yamma in ba dole.

Amma kada ku yi kwana tara a ƙarƙashin ƙasa. Tashoshin tsakiyar gari kusa suke da juna, sau da yawa tafiyar minti bakwai ce a ƙafa. Bas mai lamba 69 yana tashi daga gindin Eiffel, ya wuce Louvre da Bastille har Gambetta, da kuɗin tikiti ɗaya. Layi na 6 kuma yana fitowa sarari ya haye kogi tsakanin Passy da Bir-Hakeim, hasumiyar tana tsaye a gabanka.

Gaisuwa

Nan Bahaushe yake da riba tun daga gida. Ƙorafin da ake yi cewa mutanen Faris ba su da fara'a, mafi yawansa daga rashin gaisuwa yake tasowa. Shiga shago a wurinsu kamar shiga zauren mutum ne: ka ce “Bonjour Madame” ko “Bonjour Monsieur” kafin komai, da yamma “Bonsoir”. Haka ga direban bas, ga mai sayar da tikiti, ga wanda za ka tambaya hanya. Sai ka gaisa sannan ka ce “Parlez-vous anglais?” Wanda ya faɗo da Turanci kai tsaye ba sallama, amsar da zai samu gajera ce. In za ka fita, “Merci, au revoir.” Bambancin da tamu shi ne tasu kalma ɗaya ce, ba a tambayar gida da iyali da gajiya, kuma ba a gaida mutanen da ba a sani ba a cikin jirgi. Ƙara “s'il vous plaît” da “pardon”, kun sami guzurin da zai kai ku ko'ina.

Ci da sha

Garin yana da lokutan cin abinci kuma ba ya sassautawa. Abincin rana daga 12 zuwa 2 ko 2:30, na dare daga 7 ko 7:30. Gidan abincin da ka gani a buɗe ƙarfe 4 na yamma, da hotunan abinci a allo cikin harsuna biyar da wani a ƙofa yana kiran mutane, na baƙi ne, ku wuce. Babban cinku ya zama na rana, domin a lokacin ne ake yin formule, kwano biyu a farashi ɗaya mai rahusa, a rubuce da alli a kan allo. Ruwan famfo mai kyau ne kuma kyauta: ka ce “une carafe d'eau”, in ba haka ba a kawo na kwalba a sa a lissafi. Ladan ma'aikaci yana cikin farashi, in kun ji daɗi ku bar Yuro 1 ko 2. Ba a kawo takardar kuɗi sai ka nema da “l'addition, s'il vous plaît”, domin a ganinsu kawo ta kora ce. A shagon kofi farashi ya danganta da inda ka sha, a tsaye a kanta ya fi araha, a kujerun waje ya fi tsada, amma kofi ɗaya ya ba ka damar zama awa guda ba mai tada ka.

Da safe ku je gidan burodi ɗaya kullum. Doka ta hana shago kiran kansa boulangerie sai in a nan ake kwaɓawa a gasa. Ka ce “une tradition”, wato dogon burodin da dokar 1993 ta ƙayyade abin da ake sa masa, fulawa da ruwa da gishiri da yis, Yuro 1 da 'yan canji. A kwana na uku mai shagon za ta gane ku, a na biyar za ta miƙo kafin ku yi magana. Daga irin wannan sabo ake samun labarin abin da ke faruwa a unguwa, da ɗan gari kan ci gari.

Batun halal yana buƙatar ido. Kalmomin da za ku haddace: porc alade, jambon da lardons da saucisson duk naman alade ne, vin giya, rhum barasa, gélatine kuma sau da yawa daga alade take. Lardons ne suka fi yaudara, domin ƙananan yanka ne da ake watsawa a salak da quiche da ƙwai ba tare da an ɗauke su nama ba. Sanannun girke-girke irin su bœuf bourguignon da coq au vin da giya ake dafa su. A gidan abincin Faransawa ku tsaya kan kifi, poisson, ku tambaya “sans alcool?” saboda miyar. Ku sani kuma “sans porc” yana nufin babu alade kawai, bai ce yankan Musulmi ba ne. A mahauta ku duba tambarin masu tantancewa, irin su AVS. Kuskus da tajin na mutanen Aljeriya da Maroko da Tunisiya suna ko'ina a Belleville da Ménilmontant da Barbès, kuma su ma abincin Faris ne na yau da kullum, Faransawa ma suna cin su sosai.

Kasuwannin titi da safe suke ci, zuwa ƙarfe 1:30 an fara kwashewa. Aligre kullum ban da Litinin. Bastille Alhamis da Lahadi. Belleville Talata da Juma'a. Barbès Laraba da Asabar, a ƙarƙashin gadar layi na 2, ita ce mafi araha da cunkoso. Ku tafi da jakarku da ƙananan kuɗi. A yawancin rumfuna mai kaya ne ke zaɓar maka, kada ka sa hannu sai ka ga wasu suna yi, kuma ba a taya kayan abinci, sai dai dab da tashi su da kansu suke karya farashi. Ranar da kewar gida ta taso, ku sauka a Château Rouge a layi na 4. A titin Dejean da Poulet da Poissonniers akwai kuɓewa, doya, manja, attarugu, busasshen kifi da atamfa, ga gidajen abincin Senegal da Mali masu dafa-dukar shinkafa da kifi da miyar gyaɗa. Kada ku ɗaga waya kuna ɗaukar mutane hoto a nan, ba sa so, kuma suna da dalilinsu.

Ku lura da kalandar Mayu. Ranar 1 ga wata kusan komai a rufe yake, har Louvre, ranar 8 ma hutu ce. Lahadi manyan shaguna da yawa ba sa buɗewa ko su rufe da rana, ƙanana kuma Litinin suke hutawa.

Sallah da sutura

Ba za ku ji kiran sallah a titi ba, don haka ku sauke manhajar Mawaqit, tana nuna masallatan kusa da lokutansu. A Mayu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, Isha'i tana kaiwa wajen 11, Asuba kuma kafin 5. Ku tsara barcinku da haka. Babban Masallacin Faris yana gunduma ta 5, kusa da tashar Place Monge. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, hasumiyarsa mita 33, yana da lambu da wurin shan shayin na'a-na'a. Ranar Juma'a ku je da wuri ƙwarai, domin masallatan garin sun yi wa jama'a kaɗan kuma tun 2011 an hana sallah a kan titi. Hajiya za ta iya sa hijabinta a titi da jirgi da gidajen tarihi ba matsala. Niƙabi ne doka ta hana a bainar jama'a tun Afrilun 2011, tararsa tana kaiwa Yuro 150.

Manyan wurare

Ban ce ku ƙi ganin Eiffel da Louvre ba, zai zama asara. Babban wuri ɗaya a rana ya isa, da safe, da tikitin da aka saya ta intanet a shafin wurin kansa mai ɗauke da lokacin shiga. Louvre ba ya buɗewa Talata, gidan tarihi na Orsay kuma Litinin. A Louvre ku zaɓi sashe biyu ku bar sauran, sashen fasahar Musulunci da na tsohuwar Masar sun cika awa uku. Cocin Notre-Dame, wanda ya ƙone a Afrilun 2019, an sake buɗe shi a Disambar 2024, shiga kyauta. Gidajen tarihi na hukumar birni, kamar Carnavalet mai ba da tarihin Faris da Petit Palais, ba a biyan kuɗin ganin kayansu na dindindin, kuma ba dogon layi. Gidan tarihi na Quai Branly yana da kayan Afirka masu yawa, da dama an kwaso su ne zamanin mulkin mallaka, ganinsu yana da daɗi da ɗaci. A titin Écoles akwai shagon littattafai na Présence Africaine, gidan buga littattafan da Alioune Diop na Senegal ya kafa a 1949, bayan ya fara mujallarsa a 1947.

La'asar kuma ku yi abin da masu garin ke yi. Ku sayi burodi da cuku da 'ya'yan itace ku hau tudun lambun Buttes-Chaumont, ko ku zauna a bakin Canal Saint-Martin, ko ku bi Coulée verte, tsohuwar hanyar jirgi da aka mayar lambu a sama daga bayan Bastille. Daga saman lambun Belleville ana hango garin duka, ba cunkoson cocin Sacré-Cœur. Korayen famfunan ƙarfe na Wallace, waɗanda aka fara kafawa a 1872, ruwan sha ne kyauta, ku riƙe gora.

Tarko da 'yan sanda

Masu damfara suna inda baƙi suke: gindin Eiffel, matakalar Sacré-Cœur, kewayen Louvre, layin metiro na 1. 'Yan mata masu takardar sa hannu don “taimakon kurame”, ɗaya tana riƙe hankalinka, ɗaya tana aljihunka. Mai tsintar zoben zinare a gabanka. Masu ɗaura zare a wuyan hannu, waɗanda in sun ga baƙar fata sukan fara da “mon frère”. Masu cacar kofuna uku, waɗanda duk masu cin da kake gani abokansu ne. Maganinsu ɗaya: “Non, merci”, kada ƙafarka ta tsaya. Waya a aljihun gaba, jaka a gaba a zuge, kada a ajiye waya a kan tebur a waje, kada a riƙe ta a bakin ƙofar jirgi lokacin da ƙararrawar rufewa ke kaɗawa. Aljihun gefe na kaftani a buɗe yake, kada ka sa komai mai daraja a ciki.

Akwai abin da zama kamar ɗan gari ba zai kawar ba. Binciken da hukumar kare haƙƙin jama'a ta Faransa, Défenseur des droits, ta fitar a 2017 ya nuna samarin da ake gani baƙaƙe ko Larabawa sun ninka sauran jama'a sau 20 wajen yiwuwar 'yan sanda su tare su neman takardu. An fi yi a manyan tashoshi kamar Gare du Nord da Châtelet. Ka riƙe fasfonka a aljihun ciki, kwafinsa da na biza da takardar masauki a waya, in an tare ka ka gaisa, ka miƙa, kada ka yi gardama. Lambar gaggawa 112.

Kwana tara ba tare da harshe ba za su ba ku sabo da unguwa, amma da wuya su kai ku cikin gidan Bafaranshe, domin ba su saba gayyatar wanda suka sani jiya ba. In kuna da ɗan'uwa ko ɗalibi a can, yini ɗaya tare da shi a Montreuil ko kasuwar Saint-Denis zai nuna muku rayuwar da mafi yawan 'yan Afirka ke yi a bayan Périphérique. Kuma duk tsarin nan na mai ƙafa ne, kilomita 8 zuwa 10 a rana ba wuya ku yi su. In ɗayanku yana fama da gwiwa, metiro zai wahalar da shi, domin yawancin tashoshi matakala ce zalla, layi na 14 ne kaɗai yake da lif a kowace tasha. Sai ku koma bas, ku nemi masauki a ƙasa ko mai lif. Ranar komawa, RER B yana rabuwa biyu a arewa, reshe ɗaya ya tafi Mitry-Claye. Ku duba allon dandamali ku tabbata an rubuta Aéroport Charles de Gaulle kafin ku shiga, kuma ku bar masauki awa huɗu kafin tashin jirginku.